Tasirin Tsarin Renin da Anjiyotensin a kan Sarrafa Gulukos a Ƙwayoyin Hanta

Tsakure

An fi sanin tsarin renin da anjiyotensin da aikin daidaita bugun jini da gishiri da ruwan jiki. Wannan maƙala ta dubi wani aikin nasa da ba a cika magana a kai ba, wato yadda yake shafar tara gulukos da sakin sa a ƙwayoyin hanta. An bambanta tasirin gaggawa, wanda ke bi ta sinadarin kalsiyam, da tasirin da ke ɗaukar lokaci, wanda ke dakushe saƙon insulin. An kuma auna sakamakon ɗakin gwaji da abin da aka gani a jikin majiyyata, domin a nan ne ake samun saɓani.

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe zai kwatanta shaƙuwar mutum biyu sai ya ce sun zama hanta da jini. Idan kuma tsoro ya kama mutum, sai a ce hantarsa ta kaɗa. Duka maganganun biyu ba su yi nisa da abin da ilimin aikin jiki ya tabbatar ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke harbawa ta hanta yake ratsawa, kuma a lokacin firgita hanta ce ke zuba gulukos cikin jini don mutum ya sami ƙarfin gudu ko na kare kansa.

Likitoci sun daɗe da lura cewa hawan jini da ciwon suga nau'i na biyu sukan haɗu a jikin mutum ɗaya fiye da yadda za a ce katari ne. Ƙiba da rashin motsa jiki suna cikin dalilan, amma akwai tambayar da ta fi wannan zurfi: shin sinadarin da ke ɗaga jini shi ne kuma ke taɓa suga? Amsar tana da muhimmanci ga wanda ake zaɓa wa maganin da zai sha tsawon rayuwarsa, domin magungunan hawan jini ba ɗaya suke ba wajen abin da suke yi wa suga.

2.0 Tsarin Renin da Anjiyotensin

A shekarar 1898 Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman, a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, suka tatsi wani abu daga ƙodar zomo, suka ɗura wa wasu zomayen, sai jininsu ya hau. Suka kira shi renin, daga kalmar Latin mai nufin ƙoda. Binciken ya kwanta shekaru da yawa har zuwa 1934, lokacin da Harry Goldblatt ya nuna cewa matse jijiyar da ke kai wa ƙodar kare jini na haddasa masa hawan jini mai ɗorewa. Wajajen 1939 zuwa 1940 ƙungiyoyi biyu, ta Eduardo Braun-Menéndez a Ajantina da ta Irvine Page a Amurka, suka gano cewa renin ba shi ne ke matse jijiya da kansa ba. Yanka yake yi, abin da ya yanko ne ke aikin. Kowace ƙungiya ta raɗa wa abin nata sunan, sai a 1958 suka haɗa rabin wannan da rabin wancan, aka sami anjiyotensin. Masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a Hausa za su iya samun sauƙi a zuci idan suka san cewa wannan suna ma sulhu ne tsakanin masana biyu bayan kusan shekara ashirin.

Yadda tsarin ke tafiya shi ne kamar haka. Hanta na ƙera wani furotin mai suna anjiyotensinojin, tana zuba shi cikin jini dare da rana. Idan ƙoda ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, ko gishiri ya yi ƙaranci, ko jijiyoyin firgita suka zabure ta, sai ta saki renin. Renin na yanke amino asid 10 daga bakin anjiyotensinojin, wannan guntu shi ne anjiyotensin I, wanda ba shi da wani ƙarfi. Wani inzayim da ake taƙaita sunansa da ACE, wanda ya fi yawa a bangon jijiyoyin huhu, yana gutsure 2 daga cikin goman, a bar 8. Wannan shi ne anjiyotensin II. Yana matse jijiyoyin jini, yana sa ƙullutun da ke saman ƙoda ya saki homon aldosteron mai riƙe gishiri, yana kuma ta da ƙishirwa. Ba ya cika minti ɗaya a cikin jini kafin a lalata shi. Yawancin ayyukan nan ta wani makarɓi da ke jikin fatar ƙwaya suke bi, wanda ake kira AT1.

Abin lura shi ne hanta na tsaye a bakin zaren biyu. Ita ke samar da kayan da ake yanko homon ɗin daga ciki, kuma ƙwayoyinta na ɗauke da makarɓin AT1 mai amsa kiransa.

3.0 Hanta a Matsayin Rumbun Gulukos

Duk gulukos da ke yawo a jinin baligi a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, kimanin cikin ƙaramin cokali. Ƙwaƙwalwa kaɗai kuwa na cin kusan giram 120 a yini. Ke nan dole a sami mai ƙara zubawa a kai a kai tsakanin cin abinci da cin abinci, kuma hanta ce ke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi. Claude Bernard na ƙasar Faransa ne ya ware abin da take tarawa a 1857, wato gilaikojin, wanda ba komai ba ne illa dubban gulukos da aka sarƙe wuri guda. Hantar baligi kan tara kimanin giram 100 bayan an ƙoshi.

Hanta na da hanya biyu ta fitar da gulukos. Ta farko ita ce buɗe rumbu: inzayim ɗin fosforiles na ɓalle gulukos ɗaya bayan ɗaya daga jikin gilaikojin, wani inzayim mai suna G6Pase ya cire masa fosfet ɗin da ke ɗaure shi a cikin ƙwaya, sai ya fice ta ƙofar GLUT2. Tsoka ma na tara gilaikojin, amma ba ta da G6Pase, don haka abin da ta tara ita kaɗai yake yi wa amfani. Hanya ta biyu ita ce ƙera sabon gulukos daga abubuwan da ba sukari ba, irin su laktet da gilisarol da wasu amino asid. Inzayim ɗin PEPCK na cikin masu riƙe da wannan hanya. Bayan azumin kusan yini guda rumbun kan kusa ƙarewa, ƙira ce ke ci gaba da riƙe jiki.

Homon biyu daga gaɓar fankiriyas ne ke jan akalar wannan aiki. Gulukagon na cewa a fitar, insulin na cewa a tara a kuma daina ƙira. Duk wani homon na uku da ya shigo, a kan waɗannan biyun ake auna ƙarfinsa.

4.0 Tasirin Gaggawa: Hanyar Kalsiyam

A 1969 Michael Berry da Daniel Friend suka fito da dabarar raba ƙwayoyin hantar ɓera da juna ba tare da sun mutu ba. Wannan ya ba masu bincike damar zuba homon kai tsaye a kan ƙwayoyin su ga abin da zai biyo baya. A lokacin an riga an san hanyar gulukagon: yana ƙara wani ɗan aike na cikin ƙwaya mai suna cAMP, wanda Earl Sutherland ya sami kyautar Nobel a kansa a 1971. Shi cAMP yana ta da inzayim na farko, na farko ya ta da na biyu mai suna fosforiles kaines, shi kuma ya liƙa wa fosforiles fosfet ya kunna shi. Mutane da yawa sun ɗauka duk homon da ke buɗe rumbun hanta ta nan zai bi.

A tsakiyar shekarun 1970, binciken ƙungiyoyi irin su ta Keppens da De Wulf a Beljiyam da ta John Exton a Amurka ya nuna ba haka ba ne. Anjiyotensin II da homon basofiresin na kunna fosforiles cikin daƙiƙoƙi kaɗan alhali cAMP bai motsa ba. Abin da ke motsawa shi ne kalsiyam. Idan anjiyotensin II ya zauna a kan AT1, makarɓin na ta da wani furotin mai suna Gq, shi kuma ya kunna inzayim ɗin da ke tsaga wani kitse na fatar ƙwaya gida biyu. Ɗaya ɓarin, IP3, na shiga ciki ya buɗe ma'ajiyar kalsiyam ta ƙwaya. Ɗaya ɓarin na zama a jikin fatar ya ta da inzayim ɗin PKC. Kalsiyam ɗin da ya kwararo na samun mazauni a jikin fosforiles kaines kansa, domin ɗaya daga cikin sassansa huɗu furotin ne mai kama kalsiyam da ake kira kalmodulin, kamar yadda ƙungiyar Philip Cohen ta nuna a 1978. Ke nan inzayim ɗaya ne mai ƙofa biyu: gulukagon na shigowa ta ƙofar cAMP, anjiyotensin II ta ƙofar kalsiyam. A daidai wannan lokaci kuma inzayim ɗin da ke sarƙa gilaikojin yana lafawa, don kada a riƙa ɗiba ana mayarwa. An kuma ga ƙirar sabon gulukos ta ɗan ƙaru a ƙwayoyin hantar ɓera, ko da yake ba ta kai abin da gulukagon ke jawowa ba.

Akwai wata sarƙaƙiya a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. A ƙwayar hantar ɓera, AT1 ba Gq kaɗai yake tayarwa ba, yana kuma ta da Gi, wanda aikinsa rage cAMP ne. Wato homon ɗaya na buɗe rumbu ta ƙofarsa, yana kuma iya rage faɗin ƙofar gulukagon. Saboda haka kuskure ne a ɗauki anjiyotensin II a matsayin ƙaramin gulukagon. Sakamakonsa ya dogara ne da waɗanda ya tarar a wurin.

Me zai sa homon gishiri da ruwa ya damu da suga? Lokacin da anjiyotensin II ke hauhawa sosai shi ne lokacin zubar jini da ƙarewar ruwan jiki. A irin wannan hali gaɓoɓi na buƙatar makamashi nan take, kuma ƙarin gulukos a jini na taimakawa wajen jawo ruwa daga cikin ƙwayoyi zuwa jijiyoyi. Mai azumi a bazara, wanda ya yi sa'o'i 13 ko 14 ba ci ba sha, misali ne mai sauƙi na halin da buƙatun biyu ke haɗuwa: ƙoda na tsimin ruwa, hanta na ɗibar rumbu. Sai dai ko a nan gulukagon da adirenalin ne manyan masu ba hanta umarni.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne ma'auni. Yawan anjiyotensin II da ake zubawa a kwanon gwaji ya ninka wanda ke jinin lafiyayyen mutum sau da yawa. Ban da haka, ɓera ba mutum ba ne. Ɓera na da AT1 iri biyu, mutum na da ɗaya, kuma hantar namijin ɓera baligi na amsa adirenalin galibi ta hanyar kalsiyam, alhali a hantar mutum hanyar cAMP na da babban rabo.

5.0 Tasiri Mai Ɗorewa: Dakushe Saƙon Insulin

Abin da ya fi shafar ciwon suga ba buɗe rumbu na minti ɗaya ba ne. Abin da ke faruwa ne idan tsarin ya yi watanni ko shekaru a kunne, kamar yadda ake gani a masu ƙiba, inda kitsen jiki ma ke ƙara nasa anjiyotensinojin a kan na hanta.

Insulin na isa hanta kafin kowace gaɓa, domin jinin fankiriyas ta hanta yake fara bi. Idan ya zauna a kan makarɓinsa, makarɓin na liƙa fosfet a jikin furotin IRS-1 da IRS-2, a kan wani amino asid mai suna tairosin. Wannan ne ke jawo inzayim ɗin PI3K, shi kuma ya ta da Akt. Akt na yin ayyuka biyu masu muhimmanci a nan: yana sake wa inzayim mai sarƙa gilaikojin mara, yana kuma korar furotin FoxO1 daga cibiyar ƙwaya. FoxO1 shi ne ke kunna ƙwayoyin gadon PEPCK da G6Pase. Idan aka kore shi, ƙirar gulukos ta tsaya.

Anjiyotensin II na shiga wannan layi ta wajen IRS. A 1996 Lício Velloso da Franco Folli da Mario Saad da Ronald Kahn, tare da abokan aikinsu, suka nuna a zuciyar ɓera cewa saƙon homon biyun na cin karo a kan IRS, kuma anjiyotensin II na rage aikin PI3K da insulin ya tayar. Bincike na baya ya fayyace yadda abin yake: AT1 na kunna inzayim ɗin NADPH oksides mai fitar da ɓurɓushin iskar oksijin masu ƙuna, yana kuma ta da inzayim irin su JNK. Waɗannan na liƙa wa IRS fosfet a kan serin maimakon tairosin. Fosfet ɗin iri ɗaya ne, gurbin ne ya bambanta, amma sakamakon kishiyar juna ne, domin IRS da aka liƙa wa a serin ba ya isar da saƙo yadda ya kamata. Idan haka ta faru a hanta, FoxO1 zai ci gaba da zama a cibiya, hanta ta ci gaba da ƙera gulukos ko da jini cike yake da shi. Wannan ne ke sa mai ciwon suga ya tashi da asuba sukarinsa a sama alhali bai ci komai ba tun dare.

Ya kamata a bayyana cewa mafi ƙarfin hujjojin wannan karo daga zuciya da tsoka da bangon jijiyoyi aka samo su. Na hanta sun fi fitowa daga ɓerayen da aka ƙosa da kitse ko sukari, waɗanda suka sami sauƙin kitsen hanta da ƙarin jin insulin bayan an ba su maganin toshe AT1. A irin wannan gwaji da wuya a raba abin da maganin ya yi wa ƙwayar hanta kai tsaye da abin da ya iso mata sakamakon gyaruwar tsoka da kitse.

Ba ƙwayoyin da ke sarrafa gulukos ne kaɗai ke hanta ba. Akwai wasu masu siffar tauraro da ke tara bitamin A. A shekarar 2000 Ramón Bataller da abokan aikinsa a Basalona ta ƙasar Sifen suka nuna cewa anjiyotensin II na sa irin waɗannan ƙwayoyi na mutum su tsuke su kuma hayayyafa. Su ne ke saƙa tabon da ke taurara hanta, kuma hantar da ta yi tabo ba ta tara gilaikojin yadda ta saba.

6.0 Reshe na Biyu

A shekarar 2000 aka gano wani inzayim mai suna ACE2, wanda duniya ta san sunansa daga baya a matsayin ƙofar da ƙwayar cutar korona ke shiga jiki. Ainihin aikinsa shi ne gutsure amino asid ɗaya daga anjiyotensin II, a bar 7. A 2003 Robson Santos na ƙasar Birazil da abokan aikinsa suka danganta wannan guntu da makarɓin Mas. Ɓerayen da aka cire wa Mas sun nuna rashin jure gulukos da ƙarancin jin insulin, waɗanda kuma aka ƙara wa guntun mai 7 a jini an ga ƙirar gulukos ta ragu a hantarsu. Ke nan tsarin na da reshe mai ja da mai sassautawa, kuma magungunan da ke toshe ACE ko AT1 na karkatar da ma'aunin zuwa reshe na biyu.

7.0 Abin da Aka Gani a Jikin Majiyyata

Maganin farko mai toshe ACE da ake haɗiya, kaftofiril, ya samo asali ne daga binciken Sérgio Ferreira a kan dafin wani maciji na Birazil a shekarun 1960, aka kuma amince da shi a Amurka a 1981. Losatan, mai toshe AT1, ya biyo baya a 1995. Da waɗannan aka sami damar gwada tambayar a jikin mutane.

Sakamakon farko ya ba da ƙwarin gwiwa. A gwajin HOPE na shekarar 2000, kashi 3.6 cikin ɗari na waɗanda aka ba ramifiril ne suka kamu da sabon ciwon suga, idan aka kwatanta da kashi 5.4 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta. A gwajin LIFE na 2002 losatan ya fi atenolol da kusan kashi 25 cikin ɗari ta wannan fuska. Sai dai ba don auna ciwon suga aka tsara waɗannan gwaje-gwaje ba, kuma atenolol kansa na cikin magungunan da ke ɗaga suga, don haka wani ɓangare na tazarar laifinsa ne, ba alherin losatan ba. Da aka tsara gwaji musamman don tambayar, sai lissafin ya ragu. DREAM, wanda aka wallafa a 2006 a kan mutum 5,269 masu sukarin da ya fara hawa, bai sami raguwar da za a dogara da ita ba a yawan masu kamuwa da ciwon bayan shekara uku na shan ramifiril, ko da yake waɗanda sukarinsu ya koma daidai sun fi yawa a cikinsu. NAVIGATOR na 2010, mai mutum 9,306, ya sami kashi 33.1 a masu shan balsatan da 36.8 a sauran. Tasirin na nan, amma ƙarami ne, bai kai na rage ƙiba da motsa jiki ba. Kuma ba duka ne na hanta ba: riƙe sinadarin fotasiyam da waɗannan magunguna ke yi na taimaka wa fankiriyas sakin insulin, buɗewar ƙananan jijiyoyi kuma na ƙara kai gulukos ga tsoka.

A nan batun ya taɓo Afirka kai tsaye. An daɗe da sanin cewa masu hawan jini 'yan asalin Afirka sun fi yawan samun ƙarancin renin a jini, kuma masu toshe ACE su kaɗai ba sa sauke musu jini kamar yadda suke yi wa Turawa. Sun kuma fi fuskantar kumburin leɓe da harshe da waɗannan magunguna kan jawo. Gwajin CREOLE na 2019, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida, ciki har da Nijeriya da Kamaru, ya kwatanta haɗin magunguna uku a kan majiyyata 728, ya kuma tarar cewa haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi haɗin ferindofiril da maganin sa fitsari sauke jini. Saboda haka likitan da ke Kano ko Damagaram ba zai zaɓi mai toshe ACE don ɗan sauƙin suga kawai ba, alhali jinin majiyyacin bai sauka ba. Inda waɗannan magunguna ke da hujja mai ƙarfi shi ne mai ciwon suga da furotin ya fara fita a fitsarinsa, domin kare ƙoda, kuma wannan dalili ne dabam da na hanta.

Akwai sabon magani da ake gwadawa mai suna zilebesiran, wanda allura ce da ke shiga ƙwayar hanta ta hana ta ƙera anjiyotensinojin. A sakamakon matakin farko da aka wallafa a 2023, allura ɗaya a manyan ma'aunai ta rage anjiyotensinojin na jini da fiye da kashi 90 cikin ɗari, jinin majiyyatan kuma ya zauna a ƙasa har makonni 24. Don hawan jini aka ƙera shi, amma da yake yana datse tsarin daga tushensa a cikin ƙwayar hanta, auna sukarin asuba da yawan gulukos da hantar waɗanda aka yi wa allurar ke fitarwa zai gwada a jikin mutum abin da tun shekarun 1970 ake gwadawa a hantar ɓera.